Cin Ranin Yaya Asumana

Bana ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damana, har hatsi ya fara naɗe ganye da rana tsaka. A cikin kwanakin ne autata ta ci bak, jarrabawar gama lise, wato babbar sakandare. Ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta tana karanto mini jami'o'i: wannan ta gwamnati ce, babba, mutane kamar kasuwa, waccan ƙarama ce amma kusa da gida. Ta ce, "Mama, wace zan ɗauka?" Na buɗe baki zan yi magana, sai iska ta kawo mini warin ƙasa mai zafi da ta gaji da jiran ruwa. Hankalina ya koma ƙauyenmu na wajen Tama, cikin ƙasar Buza, lokacin ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, ban wuce shekara goma sha uku ba.

Ni yarinya ce marar magana. Wurin zamana gindin rumbu, inda inuwa take daɗewa, kuma manya sukan manta ina nan. Don haka na ji abubuwa da yawa da ba a yi niyyar in ji ba.

Yaya Asumana shi ne ɗan farin gidanmu, kuma shi ne na farko a ƙauyen da ya kai har bak. Da ya dawo daga lise ta Tawa a damanar 1983, hanya biyu aka shimfiɗa masa. Akwai ƙaramar makarantar malaman gona, shekara biyu sai albashi. Akwai kuma babbar jami'ar gwamnati a Yamai, wadda ba a ganin ƙarshenta kusa. Mushe, shugaban lakwal ɗinmu, ya zo gida da la'asar don a yi shawara. Baba yana zaune yana sassaƙa ƙotar hauya.

Mushe ya ce, "Malam Idi, ni dai ƙaramar nake gani. Gida irin naku ba ya son doguwar hanya."

Yaya ya sunkuyar da kai, amma muryarsa ba ta sunkuya ba. Ya ce, "Mushe, can abu guda za a koya mini in mutu da shi. Jami'a kuwa akwai masu karatun ƙasa, da masu karatun ruwa, da likitoci. An ce akwai ɗaki cike da littattafai, ba a hana kowa shiga."

"Littattafai ba su cika rumbu, Asumana."

Baba bai ɗaga kai daga ƙotar ba. Ya ce, "Ita ƙaramar, yaushe suke sakin yara?"

Mushe ya ce, "Ai su da damana suke aikinsu, gonakin gwaji gare su."

"Babbar fa?"

"Ana shiga lokacin girbi, a sake su farkon damana."

Sai Baba ya ajiye wuƙa. Ya ce, "To mi anka tsaya ana shawara? Wannan ai cin rani ne. Shi tahi babbar."

A yankinmu na Adar kowane gida ya san cin rani. In aka gama girbi samari su hau mota zuwa Abijan ko Legas, rumbu ya huta da bakinsu, in ruwa ya kusa su dawo su kama hauya. Baba ma haka ya yi tun yana saurayi. Da ma'aunin nan ya auna jami'a, ya ga ta yi daidai. Na ga Yaya ya danne murmushi da bayan hannu.

Baba ya ƙara da cewa, "Amma ruwan shuka shi ishe ka gida."

"Shuka ba zan samu ba, Baba, akwai jarrabawa. Noman fari dai ina nan."

"To, noman fari."

Kaka, mahaifiyar Baba, tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ita da Yaya kullum cikin wasan jika da kaka suke, tana kiransa mijinta. Ta ce, "Maigida, in ka tahi kada ka kawo mini takarda. Zane nake so mai tsuntsaye, in ba haka ba ka ba ni takardar sakina."

Ya ce, "Tsohuwa, in na sake ki wa za shi kwashe ki? Haƙori guda gare ki."

"Gudan nan ya ishe ni in cije ka."

Inna ba ta sa baki ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. Ranar da zai tafi ta dama fura mai kauri, ta miƙo mini ƙwarya ta ce, "Kai wa wancan." Na lura ta zuba nonon da ta ce jiya ya ƙare.

Girbin shekarar bai yi auki ba. Dammunan da aka jera cikin rumbu ba su kai inda tabon bara yake ba. Muka shiga rani a hankali. Kullum da asuba Baba ya hau tsani ya fiddo zangarniyar yini, Inna ta sussuka, ni da ita mu surfa, in je rijiya, sannan in ɗauki allona in ruga lakwal da dusa a gashin ido. Kafin bazara ta yi tsakiya, abin da Baba yake fiddowa ya ragu. Fura ta koma ruwa-ruwa, kana ganin gindin ludayi ta cikinta. Zafi ya sauka kan duwatsun tudu har in ka taka da rana sai ka yi tsalle. Rijiya ta ja baya, aka ƙara wa igiya tsawo da tsummoki. Da yawa muka koma ɗibar ruwan tabkin da ya rage a fadama, mai launin kunu.

Azumin shekarar ya zo tare da ruwan farko. Aka yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu fiye da tsawon hannu, gari ya cika da ƙamshi da kukan kwaɗi. Da baki bushe muka yi shuka. Baba a gaba yana sara da sungumi, ni da Inna a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ya shuka gonar gida, ya shuka ta fadama, sannan ya nufi jigawa mai nisa wadda muka bari ta huta.

Inna ta ce, "Malam, wannan ya yi wa hauya guda yawa."

Ya ce, "Hauya biyu ce."

Bayan sallah hatsi ya tsiro layi-layi, kyakkyawa. A lokacin ne wani ƙurji ya fito wa Baba a idon sawu. Ya ce ƙaya ce. Da ya fashe sai ga farin kai kamar zare: kurkunu. Ruwan tabki ya ba shi. Wanda bai ga kurkunu ba ba zai gane ba. Ba a jan ta da ƙarfi, in ta tsinke ƙafa ta lalace. Kullum sai a naɗe ɗan abin da ya fito a kan tsinke, a jira gobe. Ƙafar ta kumbura kamar turmi, Baba ya koma rarrafe daga ɗaki zuwa inuwa.

Sai ga Alkasum, maƙwabcinmu mai kai albasa Yamai, ya zo da saƙo. Da Baba ya ji sallamarsa ya ja riga ya rufe ƙafar.

Alkasum ya ce, "Na ga ɗanka, Baba Idi. Ya yi ƙiba har da wuya. Ya ci jarrabawa. Kuma wani babban malaminsu ya zaɓe shi cikin 'yan kaɗan, za su yi damana suna yawon auna rijiyoyi. Estaj suke ce mishi. An ce wanda ya yi shi, shi ake turawa gaba. Shina roƙon ka yafe mishi noman bana."

Baba ya ce, "Ka ce mishi hatsi ya tsiro. Ciyawa ma ta tsiro."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Alkasum ya dubi ƙudajen da suke taruwa a kan rigar. Ya ce, "Ƙafar fa?"

"Ban aike ka da ƙafa ba."

"Ba ka aike ni ba, amma da idona zan tahi."

Ba a yi kasuwar Tama biyu ba sai ga Yaya da rana tsaka, da buhu a ka. Ya durƙusa gaban Baba, ya ɗaga rigar ya duba, ya mayar. Babu wanda ya ambaci estaj. Da aka kwance buhun sai ga burodi, gutsattsari, busasshe ƙamas. Ashe tun da sanyi yake rage rabonsa a gidan cin abincin ɗalibai, yana karɓar na abokansa da suka ƙoshi, yana shanyawa a taga.

Kaka ta ɗauki guda ta ƙwanƙwasa a turmi. Ta ce, "Mazan mutane na kawo rediyo, nawa ya kawo mini duwatsu."

"Ki jiƙa, tsohuwa, daidai haƙorinki ne."

Inna ta daka shi ta yi mana kunu. Yana da ɗan warin ajiya, amma har yau ban sha abin da ya kwanta mini a ciki kamarsa ba. Ta raba shi kaɗan-kaɗan, ya kai mu nesa.

Gayya ba ta yiwu ba, don ba mu da abin ciyar da masu hauya, kuma kowa ta kansa yake. Yaya ya kama noma, ni da Inna muna binsa. Karatu ya tausasa masa hannu. Ranar farko tafinsa ya yi ƙuraje, rana ta biyu suka fashe, ya yagi gefen tsohon wandonsa ya naɗe. Yakan fita tun gari bai gama wayewa ba, in rana ta take mu zauna ƙarƙashin aduwa, don gawo ba ya da ganye da damana. A nan ne yake ba ni labarin jami'a, yana shan ruwan fura yana kallon nesa.

Ya ce ajinsu guda ya fi masallacin Juma'ar Buza, malami sai da lasifika. Ya ce ya sa ganyen hatsi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ƙananan bakuna da yake numfashi da su. Abokin ɗakinsa Bazabarme ne, yana koya masa Zabarmanci shi kuma yana koya masa lissafi. Da yamma yana zuwa darasin Ingilishi na kyauta, ran Asabar yana cikin masu wasan kwaikwayo, an ma ba shi ya fito a tsohuwa.

"Kaka na kwaikwaya," ya ce. "Sai da mutane sunka faɗi don dariya. Kada ki gaya mata."

Ya ce wasu ɗalibai daga aji sai gado, su shekara ba su san inda ɗakin littattafai yake ba. "Ni kuwa, Rabi, na yi wa kaina alkawari ba ƙofar da zan wuce ban leƙa ba. Wuri mai girma, in ka yi shiru ba wanda zai san kana nan. Ke ma sai kin koyi tambaya."

Sai na yi tambaya, ta farko. Na ce, "Yaya, aikin rijiyoyin fa?"

"An ba wani."

"Baɗi fa?"

"Baɗi akwai wasu sababbi." Ya tashi ya ɗauki hauya.

Ya gama noman fari a gonakin nan uku. Ranar da ya fita daga kunyar ƙarshe ta jigawa, gonar ta yi tsaf kamar an share ta. Daga nan ruwa ya ɗauke.

Hadari yakan haɗu a gabas da la'asar, baƙi ƙirin, iska ta taso mai sanyi, mata su ruga su kwashe shanya su jera tukwane bakin indararo. Sai a ji ɗigo kaɗan a kan kwano, kamar an watsa tsakuwa, hadarin ya watse. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, mu yara muna biye. Aka sake fita. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya. Da fari yakan naɗe da rana ya buɗe da dare, daga baya ya daina buɗewa. Ganyen ƙasa suka yi ja, in iska ta bi ta cikinsu sai ka ji ƙara kamar ana murza takarda. Yaya bai daina fita ba. Ya shiga maimai a busasshiyar gona, wai ko ruwa zai zo ya iske ta a shirye.

Makiyaya suka fara gangarowa daga arewa da shanun da ake ƙirga haƙarƙarinsu. Nama ya yi arha har ba mai so, hatsi kuwa ya ɓace daga kasuwa. Rumbunmu ya ƙare. Na ji ƙarar tsintsiya a cikinsa ranar da Yaya ya shiga ya share ƙasan. Muka koma anza. Ni da Inna mu hau tudu mu tsinko 'ya'yanta, a ɓare, a jiƙa, a zubar da ruwan a sake wani, kwana da kwanaki, kafin ɗacin ya ragu a iya dafawa. Ko an dafa yana nan a maƙogwaro. Ganyen jiga ma mun ci, da dusa. Yunwa ba ciwon ciki kawai ba ce. Takan sa ka ji sanyi da rana, ka tashi tsaye gari ya yi duhu, ka ji haushin ƙarar taunar ɗan'uwanka.

Kurkunun Baba ta fita, amma ta bar ƙafar a sandare. Wata safiya ya sa aka ɗora shi kan jaki, ni na ja akala zuwa jigawa. Yaya yana can. Baba ya sa hannu ya tsinki kara guda daga kan jakin, ya murza, ya zama gari. Ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, "Ka yi noma, Asumana."

"Na yi, Baba."

"Abin da gwamnati ke ba ku can duk wata, shina sayen hatsi?"

"Shina ci da mutum guda, in ya yi hankali."

"Mutum guda."

"I, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce mini, "Juya jakin." Iyakar maganar ke nan. Bai taɓa ce masa ya bar karatu ba, a gabana ko a bayana.

Samarin gari ba su jira lokacin girbi ba, tunda babu abin girba. Suka fara sayar da akuya suna haɗa guzurin Abijan. Lokacin komawa jami'a ma ya matso. Wata hantsi Yaya ya kira ni in riƙe masa tsani. Ya zuba littattafansa cikin tulu, ya rufe bakin da faifai ya shafe da laka don gara, ya shiga da shi cikin rumbun da babu komai. Da ya sauko na ga ya ɗauko tsohon bargon Baba na cin rani yana kakkaɓewa.

Na ce, "Yaya, ba da littattafai za ka ba?"

"Sun yi nauyi."

"Bara ai ka ɗauke su."

Ya dube ni, ya ja mini kunne a hankali. Ya ce, "Ke kin cika ido. Ki riƙe lakwal, kin ji? Ko da anza a cikinki ki tahi."

Mushe ya ji labari ya zo da sauri, bai ko gama sallama ba. Ya ce, "Asumana, shekara ukku ta rage maka. In ka bar wurinka ba a aje maka shi."

"Na sani, Mushe."

"Ka koma, Allah ba ya barin bayinsa."

"Ba ya bari, Mushe. Ni ya bar musu."

Mushe ya cire hularsa ya share fuska. Ya ce, "Da ka ɗauki ƙaramar..." Sai ya dubi Baba da ke zaune da ƙafa a miƙe, bai ƙarasa ba.

Ranar tafiya Kaka ta kama hannun rigarsa. Ta rame har zobenta yana zamewa. Ta ce, "Maigida, haka ake yi? Ka bar amarya da yunwa ka tahi yawo?"

"Ki jira ni, tsohuwa. Kada in ji kin kula wani."

"To ka yi sauri. Masu so na da yawa."

Inna tana bayan ɗaki tana daka. Ba ta fito ba. Na ji taɓarya ta tsaya lokacin da ya yi sallama a zaure, ta daɗe a tsaye, sannan ta ci gaba.

Da sanyi buhun farko da Yaya ya aiko ya iso, masara ce ja. Wani ya biyo baya, da wani. Da su muka ga damana. Kaka ba ta gan ta ba. Ni na ci gaba da lakwal, har inda shi bai kai ba. Yaya ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya ya kafa tebur. Ya shekara talatin yana tafiya yana dawowa noma, bai sake zama a aji ba, kuma bai taɓa ba ni labarin tafiyar nan ta farko ba.

A bakin Alkasum na ji. Shi ma a shekarar ya bar albasa ya bi samari, mota guda suka hau. Da ya dawo da damana ya zo gaida Baba, ina gindin rumbu ina tsintar wake. Ya ce hanyar Abijan ta Yamai take bi, a ƙetare gada, kuma jami'ar tana nan hayin kogi, bakin hanya. Suna saman kamiyo, babbar motar nan, kan kaya, su wajen talatin.

Ya ce, "Da munka hau gada sai ɗanka ya miƙe tsaye, Baba Idi. Shina nuna muna, awa mai gida da baƙi. Ga inda muke cin abinci. Ga ɗakin littattafai, mai tagogin nan. Ga ɗakinmu can sama, inda anka shanya jar riga. Shina dariya, mu ma muna dariya."

Baba ya ce, "Uhm."

"Sai motar ta rage gudu, akwai jandarmomi gaba. Ɗalibai na ta shiga da jakunkuna. Wani dogo ya ɗaga kai ya gane shi, ya biyo motar da gudu shina kira, Asumana! Asumana! An fara karatu tun jiya, sauko! Na aje maka gadonka!"

Alkasum ya gyara zama.

Baba ya ce, "Mi ya ce mishi?"

"Ya ɗaga hannu ya ce, ina zuwa! Har sau biyu. Sannan motar ta ja. Ya zauna ya jawo bargo ya rufe kanshi, cikin zafin nan. Ba mu sake jin muryarshi ba sai da munka shiga ƙasar Mosi."